RA'AYINMU: Neman Aiki Ya Zama Ciwo A Gidajenmu

Mutanen Minna ba za su manta da ranar Asabar 15 ga Maris 2014 ba. A wannan rana ce dubban matasa, maza da mata, suka yi sammako sanye da fararen riguna da gajerun wanduna domin zaman jarrabawar ɗaukar aikin Hukumar Shige da Fice ta ƙasa. Sama da mutum dubu 500 ne suka nemi gurbin da bai kai dubu 5 ba a faɗin Nijeriya, kuma sai da kowannensu ya biya Naira 1,000 kafin a karɓi takardarsa. Turmutsutsun da aka yi a wuraren jarrabawar ya ci rayukan aƙalla mutum 15 a Abuja da Fatakwal da Benin da kuma nan Minna. An yi jana'iza, an yi Allah wadai, an kuma gurfanar da wasu manyan jami'ai gaban kotu a shekarar 2016.

Waɗanda suka rasu an ƙidaya su. Waɗanda ba a taɓa ƙidayawa ba su ne dubban da suka koma gida da ransu, suka sake cike wata takardar, suka sake jira, shekara na bin shekara, har zuciyarsu ta gaji. A kan waɗannan ne muke son yin magana a wannan fitowa, domin da wuya a sami gida a Limawa ko Kwangila ko Unguwar Daji ko Bosso da babu irinsu.

Duk wanda ya raka ɗansa neman aikin gwamnati ya san yadda abin yake. Da farko a ji sanarwa an buɗe shafin cike takarda, yaro ya kwashi kwanaki yana zarya shagon intanet, shafin na buɗewa yana rufewa. Sai ɗaukar hoto, sai takardar shaidar haihuwa ko ta rantsuwa a kotu, sai ta lafiya daga asibitin gwamnati, sai neman babban mutumin da zai sa masa hannu a matsayin mai tsaya masa. Idan sunansa ya fito, ya je jarrabawar kwamfuta, daga nan tantancewa, inda za a wuni a rana ana auna tsawo da faɗin ƙirji. Bayan duk wannan sai shiru. Babu wanda zai ce masa ya ci, babu wanda zai ce masa ya faɗi. Wata rana kawai zai ji cewa waɗanda aka ɗauka har sun gama horo. Ga kuma shekaru suna tafiya, alhali yawancin ayyukan ɗamara suna da iyakar shekarun da ba a ɗaukar wanda ya wuce su.

Wannan wahala kowane matashi a ƙasar nan yana shan ta, Bagware da Banufe da Bayarabe. Amma 'ya'yanmu suna da ƙarin kaya a ka, wato takardar shaidar zama ɗan asalin ƙaramar hukuma. Kamar yadda aka sani, garin Minna ya bunƙasa ne da zuwan layin dogo na Baro zuwa Kano, wanda aka kammala a 1911, kuma tun wancan lokaci kakanninmu suke zuwa daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, wasu leburorin reluwe, wasu fatake, wasu malamai. Sun riga ƙirƙiro Jihar Neja a 1976 zama a nan da shekaru masu yawa. Duk da haka, jikan da aka haifa a nan, aka yanke cibiyarsa a nan, ya yi firamare da sakandare a nan, yakan je neman takardar a ce masa ya tafi garin kakansa. Idan ya ci bashin kuɗin mota ya je, can ma a tambaye shi wane mai unguwa ko dagaci ne ya san shi. Wani ya dace, wani ya dawo hannu rabbana, ba ga tsuntsu ba ga tarko. A taƙaice, tun kafin a duba sakamakon karatunsa an riga an tambaye shi ko shi ɗan ina ne, tambayar da shi kansa ya fara rasa amsarta.

Ba muna cewa tsarin raba daidai ba shi da dalili ba ne. Sashe na 14(3) na Tsarin Mulkin 1999 ya tanade shi domin kada wasu 'yan jihohi ko ƙabilu su mamaye komai, kuma don haka aka kafa Hukumar Raba Daidai ta Tarayya a 1996. Maƙwabtanmu da muka tarar a nan suna da haƙƙin a kare rabonsu. Sai dai wannan Tsarin Mulkin ne kuma ya ce a sashe na 15(3) wajibi ne gwamnati ta tabbatar wa kowane ɗan ƙasa cikakken 'yancin zama a duk inda yake cikin tarayya, sashe na 42 kuma ya hana a nuna wa mutum bambanci saboda ƙabilarsa ko asalinsa. Tun a 2006 ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam ta Human Rights Watch ta fitar da rahoto kan yadda ake danne waɗanda ake kira baƙi a jihohin Nijeriya. A 2025 an kawo ƙudiri gaban Majalisar Wakilai da zai bai wa wanda ya daɗe a wuri matsayin ɗan asali, amma aka janye shi bayan ce-ce-ku-ce. Saboda haka maganar tana nan inda take.

Abin da ya fi damun mu shi ne illar da wannan jira yake yi wa lafiyar yaranmu. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana irin gajiyar nan da matsin aiki ke jawowa, ta ce alamunta uku ne: ƙarewar kuzari, fita daga rai game da aikin, da kuma raguwar ƙwazo. Ma'aikata take nufi, amma duk wanda ya zauna da mai neman aiki na shekara uku ko huɗu ya ga alamun nan da idonsa. Labarin zuciya a tambayi fuska. Yaron da aka sani da fara'a ya koma shiga ɗaki ya rufe. Ba ya barcin dare, kullum ido na kan waya ko an saki sunaye. Abinci ya fita ransa, abu kaɗan ya harzuƙa shi, ya daina zuwa ɗaurin aure da suna don gudun a tambaye shi ina aka kwana. An buɗe sabon shafi ma ya ce ba zai cike ba, ai an riga an raba. Wasu daga nan suke faɗawa shan ƙwaya. Ita kuwa 'ya mace, a kan nata ciwon ake ɗora mata gorin ta ƙi aure ta tsaya jiran aiki.

A nan ne muke da laifi mu iyaye. Sau nawa muke kiran irin wannan yaro cima-zaune, ko mu ce ga ɗan wane ya samu, kai me ya hana ka? Gaskiya ne an sayar da gona ko akuya an biya masa kuɗin makaranta, kuma gaskiya ne gida na bukata. Amma zuciya ba ta da ƙashi. Wanda waje ya ƙi shi, idan gida ma ya juya masa baya, ina zai sa kansa? Muna roƙon iyaye su ja 'ya'yansu a jiki, su saurare su, su daina auna darajarsu da takardar kama aiki. Idan rashin barci da ƙunci suka ɗauki makonni, ko aka ji yaro yana cewa gara ya mutu ya huta, kada a ɗauka wasa ne, kada kuma a bar shi shi kaɗai. A yi addu'a, a kuma kai shi asibiti ya ga likita, domin ciwon damuwa yana da magani. A farkon 2023 aka sa hannu kan sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, kuma ta ba mai irin wannan lalura haƙƙin a kula da shi cikin mutunci da sirri.

Ga matasanmu kuma, muna cewa rashin ganin suna a jerin waɗanda aka ɗauka ba shaida ba ce ta rashin cancantarku. Inda mutum ɗari ke neman gurbi ɗaya, dole 99 su koma gida ko da duk gwanaye ne. Ku nemi takardar asalinku tun kafin a buɗe shafi, ku adana kwafin duk abin da kuka cike. Kada ku ba kowa kuɗi da sunan sayen gurbi. Binciken da Majalisar Wakilai ta yi a 2023 kan cinikin guraben aiki ya nuna yadda wannan harka ta yi katutu, kuma da yawa sun yi biyu babu. Ku riƙe wata sana'a a hannu, ko ɗinki ko gyaran waya ko tsaron shago, domin ranar da ke da abin yi ta fi saurin wucewa. Wanda kuma aka hana shi haƙƙinsa, Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa suna karɓar ƙorafi kyauta.

Daga ƙarshe, muna kira ga hukumomin da ke ɗaukar ma'aikata su riƙa faɗin yawan guraben da ke akwai tun farko, su sa ranar fitar da sakamako su kuma cika ta, su sanar da wanda bai yi nasara ba ko da ta saƙon waya ne. Muna kira ga ƙananan hukumomin Chanchaga da Bosso su fito da sharuɗɗan ba da takardar asali a rubuce, kowa ya san matsayinsa. Muna kuma ba shugabannin wannan ƙungiya shawarar su tattara sunayen matasanmu da ke fama da matsalar takarda, a tunkari hukuma da murya ɗaya, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a 2014, Ya buɗa wa 'ya'yanmu ƙofofin alheri.