Wa Zai Rubuta Labarin Gwaggo Malama?

Ya ku 'yan'uwa marubuta, mu faɗa wa juna gaskiya komai ɗacinta. Tsohuwa a littattafanmu ba ta wuce ɗayan uku: muguwar suruka, 'yar aiken boka, ko kaka mai ban dariya. To ina matar da ta haura hamsin, wadda take sammakon zuwa aji ko asibiti, ta dawo ta tarar da mahaifiyarta kwance tana jiran a juya ta, a wanke ta, a ba ta kunu?

A 2004 Nijeriya ta kafa dokar fansho ta adashen gata, aka sake mata fasali a 2014: ma'aikaci ya zuba kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya zuba kashi 10. Wato abin da ka tara shi za ka ci. A takarda adalci ne. Amma matar da ta ɗauki hutu ba albashi domin jinyar iyaye, asusunta ya tsaya cak ke nan. Ɗan'uwanta kuwa, da ya aiko kuɗin magani daga Abuja ya sauke nauyi, ƙarin girmansa na tafiya, asusunsa na cika. Ciki ɗaya suka fito, amma ita kaɗai za ta biya kuɗin ladabi a tsufanta.

A 2022 kuma aka yi dokar da ta kai shekarun ritayar malamai 65, ko 40 na aiki. Madalla. Sai dai shekarun da aka ƙara mata su ne daidai lokacin da iyaye suke kwanciya. Da wane hannu za ta riƙe alli?

Wasu za su ce ai lada take nema. Haka ne, amma umarnin kyautata wa iyaye bai ware maza ba, kuma lada ba ya hana a ba mutum haƙƙinsa.

Don haka muna kira ga majalisu su samar da hutun jinyar iyaye wanda zubin fansho ba ya tsayawa a cikinsa. Mu kuma masu alƙalami, 'yan matan da ke cikin motocin alhazai sun samu isassun shafuka. A ba wannan baiwar Allah nata. Allah Ya sa mu gyara, amin.