Tsakanin Gizo da Spider-Man: wa ya kulle jaruman gida?

Akwai wata ƙara da ake yawan shigarwa a tarurrukan malaman lakwal da na ƙungiyoyin raya al'adu, daga birnin Damagaram har zuwa Matamaye, kuma ba a taɓa kiran wanda ake ƙara don ya kare kansa ba. Wanda ake tuhumar kowa ya san shi a gari: saurayi ne mai rigar Barcelona ko ta Real Madrid da lamba a baya, wayarsa cike da fina-finan jaruman Amurka masu tashi sama da ɗaga motoci, ranar Asabar da Lahadi kuwa ba a nemansa ko'ina sai gidan kallo. Takardar tuhumar ba ta sauyawa. An ce ya haddace ƴan wasa 11 na ƙungiyar wani garin da ƙila ba zai taɓa takawa ba, amma bai iya jera sarakunan Kance uku ba. Ya san Spider-Man, ya manta da Gizo. Daga nan sai a yanke hukunci cewa al'ada ta mutu, tauraron ɗan adam ya sace ƴaƴa, a yi tafi, a shafa fatiha, a watse. Baɗi a sake taruwa a karanta takardar bara.

Wannan ƙara an shigar da ita ne a kan wanda laifinsa bai taka kara ya karya ba, masu shigar da ita kuwa su ya kamata su zauna gaban alƙali.

Malamin da ke cewa yaron nan ba shi da kai, ya daure ya je fada da dare, inda ake dafa shayi, ya kasa kunne. Yaron da aka ce lissafi ya gagare shi, shi ne ke ƙirga maki 3 na nasara da 1 na kunnen doki, ya cire ƙwallayen da aka zura wa ƙungiya daga waɗanda ta ci, ya faɗi abin da take bukata a wasanni huɗun da suka rage kafin ta tsira daga faɗuwa. Wanda aka ce ba ya riƙe tarihi, shi ne ke jera fina-finan Marvel 22, tun daga Iron Man na 2008 har zuwa Avengers: Endgame na 2019, ya faɗi wa ya ci amanar wa, a wane fim, kuma don me. Yana kafa hujja, yana rushe ta abokin gardama, yana jure ba'a ranar da aka lallasa ƙungiyarsa, bai kuma sauya sheƙa ba. Hadda da lissafi da iya muhawara da riƙon amana, ai su ne malami ke nema a aji shekara da shekaru yana cewa babu.

Abin da ya faru a watan Oktoba na 2011 ya isa darasi guda. Mena ta Nijar ta sha kashi da ci 3 da nema a hannun Masar a wasan ƙarshe na neman shiga gasar kofin Afirka. A daidai wannan lokaci ƴan wasan Afirka ta Kudu, da suka yi canjaras da Saliyo, suna ta rawa a fili, sun ɗauka bambancin ƙwallaye ya kai su. Ashe ƙasashen uku kowace tana da maki 9, doka kuwa ta ce a duba sakamakon wasannin da suka yi a junansu, a nan kuwa Nijar ce ke gaba. Haka ƴan wasan Haruna Dula suka tafi gasar 2012, karo na farko a tarihin ƙasar, bayan da tun a 2010 Musa Ma'azu ya ci Masar, mai riƙe da kofi, a Yamai. Manyan jami'an wata ƙasa sun yi abin kunya don ba su karanta sakin layi ɗaya ba. Da wuya a sami darasin da ya fi wannan nuna wa ɗalibi amfanin karanta rubutu har ƙarshensa, amma malamai nawa ne suka taɓa shiga aji da shi?

Masu ƙarar za su ce ba a kan ƙwaƙwalwa ake magana ba, a kan aro ake yi: yaron yana ciyar da zuciyarsa da abincin wasu. To, su koma ga littattafan da su kansu suke kira gadon Hausa. Abubakar Imam, da ya rubuta Magana Jari Ce a ƙarshen shekarun 1930, ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Jamus da na Indiya, ya sa musu rawani da babbar riga har ba mai gane su baƙi ne. Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, wanda dattawan yau suka karanta suna tsuma, asalinsa jarumin tatsuniyoyin Rasha ne: gurgu ya miƙe da ƙarfin da ya wuce na mutane, ya hau dokinsa Ƙwalele, ya tafi taimakon sarki Waldima. In ba a kira wannan jarumi mai ƙarfin ban mamaki ba, me za a kira shi? A 1969 Umaru Dembo ya kai yaron Hausa yawo sararin samaniya a cikin Tauraruwa Mai Wutsiya. Ba wanda ya ce waɗannan marubuta sun kashe al'ada. Bambancinsu da saurayin gidan kallo ɗaya ne: su sun ara sun ɗinka da hannunsu, shi kuwa an bar shi yana sayen ɗinkakke.

Nijar ma ta riga ta yi wannan gardama, kuma da hoto ta yi ta. A 1966 Mustafa Alasan ya fito da fim ɗinsa Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da akwati cike da kayan kaboyi, ya raba wa abokansa, suka sauya sunaye, suka hau dawaki, suka addabi ƙauyensu. Alasan ya ga haɗarin kwaikwayo sarai. Sai dai bai kira taro ya la'anci sinima ba. Ya ɗauki kyamara ya mayar da martani da irin makamin da aka zo da shi, kuma shi ne ya zama ɗaya daga cikin na farko da suka yi fim ɗin zane mai motsi a Afirka kudu da Sahara. Ya rasu a 2015. Ƙungiyar al'adun da ba ta taɓa haska wa yaran garinta fim ɗinsa ko sau ɗaya ba, da wane baki take zargin su da kallon na Amurka?

Hujja mafi ƙarfi kuwa tana filin kokowa. In gasar takobi ta zo, wannan saurayin mai rigar Barcelona shi ne ke manne da rediyo da tele, ya san ƴan kokowa 80 na jihohi takwas, ya san wa ya kayar da wa, yana jin sunan Langa-Langa da Bala Haruna kamar na ƴan gidansu, yana gardama a kan Isaka Isaka na Doso, wanda ya ɗauki takobi karo na shida a Agadas a ƙarshen 2023. Me ya sa kokowa ba ta mutu ba? Ba don an yi mata kuka a taro ba ne. Tun 1975, da aka buɗe gasar farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, hukuma ta ba ta abin da ƙwallon Turai ke da shi: lokaci sananne, fili ginanne, doka, kyauta mai tsoka, masu sharhi da Hausa, ga makaɗa irin su Sagalo suna zuga. Duk abin gida da aka yi wa wannan hidima, yara sun rungume shi da hannu biyu. Wanda aka bari a cikin jawabi, a jawabin ya tsaya.

Jaruman kuwa ba ƙaranci suka yi ba. Daga Matamaye, in aka bi ta Ɗan Barto aka tsallaka iyaka, ba a jima ba sai Daura, inda rijiyar Kusugu take, da labarin baƙon da ya zo da dare ya sare kan macijiya. A Damagaram ga Tanimun, da ya kewaye birni da ganuwa, ya sa maƙera suka ƙera masa igwa. Ga Amadu Kuren Daga, wanda a zamaninsa aka kashe kyaftin Cazemajou a 1898, aka gwabza a Tirmini a 1899. A shekarar nan ce Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Voulet da Chanoine a Lugu. Abdullahi Mamani ya rubuta labarinta a 1980, Med Hondo ya mayar da shi fim a 1986. Ga Gizo kansa, wanda ya fi Spider-Man ban dariya, ya kuma fi shi koyar da hankali, domin shi ba ƙarfi gare shi ba sai wayo, kuma sau da yawa wayon kan koma masa ciki. Tambayar da ta kamata a yi a taro ita ce: a wane shago na kasuwar Matamaye yaro zai sami ɗaya daga cikin waɗannan a zane, da launi, da Hausa, a kuɗin da bai wuce na shiga gidan kallo ba? An kulle su a littattafan Faransanci da ke kabad ɗin darakta, ana fito da su ranar biki, a kaɗe musu ƙura, a mayar.

Su Amurkawan ba su kulle nasu ba, ba su ma bar na wasu ba. Superman yara biyu ne ƴaƴan baƙin haure suka ƙago shi a Cleveland, suka sayar da shi a 1938 a kan dala 130 ta Amurka. Thor kuwa, tatsuniyar mutanen arewacin Turai ce aka sa wa sabuwar riga a 1962. Da aka zo Black Panther a 2018, harshen Xhosa na Afirka ta Kudu aka sa a bakin mutanen Wakanda, mai tsara tufafin fim ɗin ta ɗebo daga suturar al'ummomin Afirka da dama, har da ta Abzinawa, fim ɗin kuma ya tara sama da dala biliyan 1.3. Saurayin da ya ji gabansa ya faɗi da ganin ƙasar baƙar fata da ba a taɓa mallaka ba, mai wani ƙarfe da duniya ke kwaɗayi, ba ruɗewa ya yi ba. Ɗan ƙasar da ake haƙar yuraniyom a Arlit tun 1971 ba ya bukatar a fassara masa wannan labari. Abin takaicin shi ne da kayan gidansu aka yi miyar, aka sayar masa.

Kada a ɗauka babu ɓarna. Akwai ta, sai dai ba inda ake nuna yatsa take ba. Ta farko caca ce: son ƙwallo ya zama ƙofar da masu cacar waya ke bi su kwashe kuɗin da yaro ya samu a lambun rake ko a kan babur ɗin kabu-kabu, suna ruɗinsa cewa saninsa na wasa zai sa ya ci. Ta biyu bautar ƙwanji ce. Wanda ya kalli fim ɗin Zinder na A'isha Maki, na 2021, ya ga samarin Kara-Kara suna ɗaga ƙarafa, suna rataya wa kansu sunaye masu ban tsoro, domin ƙarfin jiki ne kaɗai jarin da aka bar musu. Ta uku, wadda ta fi su daɗewa, ita ce zaman kallo. Espoir ta Damagaram ta ci kofin ƙasa a 1984. Yau yaro ya fi sanin benci na Chelsea da ƴan wasan jiharsa, ba don ya ƙi su ba, sai don na Ingila ne ke zuwa masa har gida kowane mako, a kan lokaci. Duka ukun ba wanda ake magancewa da tsine wa Messi.

Tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a unguwar Zango ta Damagaram, a watan Maris na 2025 kuma dokar ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma harshe ba ya shiga zuciyar yaro ta hanyar doka. Ƴan kasuwar Kano sun gane haka tuni: masu fassarar fim sun sa Hausa a bakin jaruman Indiya da na wasu ƙasashe, ana tura su waya zuwa waya har ƙauyukan Kance, ba tare da taro ko tallafi ba. Masu sharhin ƙwallo a rediyo su ma sun ƙera kalmomin da yanzu kowa ke amfani da su, daga bugun kusurwa har zuwa satar gida. Malamai da ƙungiyoyin al'adu ne kaɗai suka tsaya bakin hanya suna ƙirga masu wucewa.

Abin da ake nema gare su bai kai tsadar taro ɗaya ba. Gasar ƙwallo tsakanin unguwanni da makarantu mai jadawali a rubuce, ɗalibai su riƙe teburin maki, su rubuta rahoton wasa da Hausa a manna a bangon lakwal, wani ya yi sharhi da lasifika, makaɗi ya yi wa mai tsaron gida kirari yadda ake yi wa ɗan kokowa. Dare ɗaya a wata a haska Black Panther, a bi shi da Sarraounia, a bar yara su yi gardamar da suka fi kowa iyawa. Masu zane kuwa ba sai an nemo su daga Yamai ba: suna bencin baya na kowane aji, su ne waɗanda ake ƙwace wa kaye don an kama su suna zana Spider-Man a shafin ƙarshe. A ba ɗaya daga cikinsu labarin Kusugu, a ba abokinsa mai surutun fada aikin rubuta maganganun, takarda huɗu a ninke biyu ta ba da shafi 16, injin kwafi kuma akwai shi a gari.