Daga Alƙalamina: Shaƙuwa da Wawulo

Yau dai ku yi mini afuwa, babu zancen soyayya, zancen dodanni na kawo muku, kuma autarmu ce ta jawo.

Ita wannan auta tamu tana aji biyu na ƙaramar sakandare, kuma in kina son ki ga ɓacin ranta to ki miƙa mata littafin Turanci. Shafi biyu ta fara hamma. Ran nan ina ɗaki ina rubutu sai na jiyo ta a tsakar gida tana ta ƙyalƙyala dariya ita kaɗai, wanke-wanke a gabanta, wayar Yaya a kan turmi. Har Umma ta leƙo tana cewa, "Ke lafiyarki kuwa?" Ashe littafi ake karanta mata.

Sunan littafin How to Train Your Dragon, wato yadda za ka horar da dodonka, irin dodon nan mai fukafukai mai aman wuta. Wata Baturiyar Ingila ce, Cressida Cowell, ta rubuta, littafi 12 reras, na farko ya fito a 2003, na ƙarshe a 2015. Labarin wani yaro ne ɗan sarkin Vikings, mayaƙan teku na arewacin Turai a zamanin da, a wani tsibiri mai suna Berk. Sunansa Hiccup, da Hausa Shaƙuwa ke nan. Ubansa ƙato, shi kuwa siriri kamar tsinken tsire. A al'adarsu dole kowane yaro ya kamo dodo ya horar, in ya kasa a kore shi daga garin. Kowa ya samo na kirki, shi kuwa bawan Allah sai ya ɗauko wani ɗan mitsitsi, ko haƙori ɗaya babu. Toothless suke ce masa, ni da auta Wawulo muke kiransa.

Ke dai bari! Wawulon nan ga rowa, ga kwaɗayi, ga taurin kai. Littafin horon dodanni da garin ke taƙama da shi shawara ɗaya tak ke ciki, wai a daka wa dodo tsawa. To Shaƙuwa ba shi da muryar tsawa. Abin da ya iya shi ne yaren dodanni, wanda kuma an hana yi, don haka sai ya koma lallashi, yana ba Wawulo labarin ban dariya shi kuma yana kamo masa kifi. Wallahi nan na tuna Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja, littafin 1934 amma har gobe yana sa ni riƙe ciki.

Mai karantawar David Tennant ne, ɗan wasan kwaikwayo daga Sikotilan, kowa da muryar da ya ba shi, Wawulo har da in'ina. Ba zan ɓoye muku ba, da farko harshensa ya yi mana nauyi, sai da muka yi ta mayarwa baya.

Inda muka yi rigima da auta shi ne da ta ce ai ta gama karatu tunda ta saurara. Na ce ban yarda ba. Ranar jarrabawa ba kunne ne zai rubuta ba, kuma zanen da marubuciyar ta yi da hannunta, mai kama da jagwalgwalon ɗan firamare har da ɗigon tawada, babu shi a murya. Yaya ya samo mata na takarda, yanzu mutumin yana karantawa tana bin layi da yatsa. Yarinyar da ba ta wuce shafi biyu, ga ta a littafi na uku, inda Camicazi ta shigo, wata 'yar ƙarama mai takobi da surutun tsiya. Tun daga ranar muciyar Umma ta zama takobi.

Wadda ta kalli fim ɗin 2010 kada ta ce ta san labarin, can Wawulo ƙato ne baƙi har hawansa ake yi, Camicazi ma babu ita.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in auta ta bar mini wayar Yaya na ji na huɗu. Taku har kullum.