Haƙƙin Maƙwabci a Cikin Bututun Ruwa

 

Kwanakin baya wani dattijo na unguwarmu ya tsayar da ma'aikatan kamfanin ruwa su biyu a zaure, ya hana su shiga duba bututun gidansa. Hujjarsa ita ce ya biya kuɗin ruwa, kompta tana bakin ƙofa kuma sun karanta ta. Abin da ke bayanta nasa ne, da kuɗinsa ya saya, da kuɗinsa ya biya mai gyaran pampo. Sa'an nan gida ne na iyali, ba a faɗa masa haka kawai. Rabin maganarsa gaskiya ce. Bututun da ke bayan kompta na mai gida ne, in ya fashe shi ke gyara. Amma ruwan da ke gudana a cikinsa bai rabu da ruwan unguwa ba.

Da yawanmu mun ɗauka ruwan pampo hanya ɗaya yake bi, daga titi zuwa gida. Haka yake muddin akwai ƙarfi a babban bututu. Idan aka ɗauke ruwa, kamar yadda yakan faru da bazara, ko babban bututu ya fashe, sai ya koma zuƙa, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da ɗan tsinken roba. To, ku dubi al'adar gidajenmu: uwargida ta buɗe pampo da dare, ta tsoma tiyo a cikin tano ko bahon wanki, ko kwamin da tumaki ke sha, tana jiran ruwa ya dawo kafin asuba. Abin da ke cikin wannan mazubi yana iya komawa bututun titi. Da ruwa ya dawo, sai ya rarraba shi gida gida, har tulun da ake ɗibar wa jariri.

Masu hali kuma suna da tasu ɓarnar, wadda ta fi wannan. Wani yakan haɗa bututun rijiyarsa da na kamfani, ya raba su da makunni ɗaya tak, alhali rijiyar ba ta da nisa da shadda. Wani yakan ɗaura injin jan ruwa kai tsaye a kan bututun titi domin ya cika tankinsa na sama. Ya janye rabon maƙwabta ke nan, kuma ya rage ƙarfin bututu har ruwan kwata ya sami kafar shiga ta inda ya tsage.

Wannan ba tsoratarwa ba ce. A shekarar 1933, lokacin babban baje koli na duniya a birnin Shikago na Amurka, kuskuren haɗa bututu a wasu manyan masaukai biyu ya sa ruwan ƙazanta ya gauraya da na sha. Fiye da mutum dubu suka kamu da atini, kusan ɗari suka mutu. A Ingila, dokar 1999 kan kayan ruwa na cikin gidaje ta ba kamfanonin ruwa ikon shiga su duba, ta kuma kasa ruwa aji biyar gwargwadon haɗarinsa. Abin da zai ba mu mamaki, ɗan tiyon tsarki da Musulmi ke ɗaurawa a gefen masai yana cikin aji na biyar, mafi haɗari, domin bakinsa yana iya faɗawa cikin masai. Ba a hana shi ba. An dai shardanta a haɗa shi ta yadda ruwansa ba zai iya komawa baya ba. Ga shi kuwa ya fara yawa a sababbin gidajen Yamai da Maradi, kuma kowa ɗaura shi yake yadda ya ga dama.

A makarantar zaure mun karanta a Risala da Ishmawi cewa ana duba ruwa ta launinsa da ɗanɗanonsa da warinsa. Wannan hukunci na tsarki yana nan daram. Sai dai ƙwayar kwalara da ta zazzaɓin taifot ba sa canza ko ɗaya daga cikin ukun. Ruwa yana iya zama garai garai, alwala ta inganta da shi, ya kuma kwantar da yaro a asibiti. Nan ƙofar cutarwa ce, ba ta tsarki ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana yin fitsari a ruwa mai tsayuwa, kamar yadda Buhari da Muslim suka ruwaito. A ganina bututun unguwa shi ne tafkin jama'a na wannan zamani, don haka wanda ya zo duba shi haƙƙin maƙwabcinka ya zo tsarewa, ko da shi a ransa albashinsa kawai yake nema.

Zancen iyali kuwa, dattijo yana da ayar neman izini ta Suratun Nur a bayansa, kuma ba mai ja da ita. Mai gida ya nemi katin aiki ya duba, domin ɓarayi ma sun iya sa rigar ma'aikata. Ya ajiye musu lokacin da yake nan, mata su shiga ɗaki, ya zagaya da su da kansa. In akwai tara, a biya a ofis a karɓi takarda. Ɗan abin goro da ake miƙawa don a kawar da kai cin hanci ne, mai bayarwa da mai karɓa duk sun sani.

Gyaran ma ba shi da tsada. A bar tazara tsakanin bakin pampo da saman ruwan tano ko tanki, kada tiyo ya nutse. A sa ɗan ƙarfen nan mai hana ruwa komawa baya kusa da kompta, masu gyaran pampo sun san shi. Bututun rijiya ya bi hanyarsa daban, injin kuma ya ja daga tankin ƙasa, ba daga titi ba.

Dattijon namu ya buɗe musu bayan sallar la'asar ta kashegari, da limamin unguwa ya sa baki. Tiyo guda suka samu kwance a kwamin ragunansa, suka ce a yanke shi ya tsaya taki ɗaya sama da bakin kwamin.