Lafiyar Iyali: Tabon Da Ya Ƙi Warkewa

Filinmu na wannan fitowa zai duba wata cutar fata wadda take zama shekara da shekaru a jikin mutum ba tare da raɗaɗi ba, har ya saba da ita. Likitoci suna kiranta cutar Bowen, da sunan John Bowen, likitan fata na birnin Boston a Amurka, wanda ya bayyana ta a shekarar 1912.

Tabo ne shimfiɗaɗɗe, galibi guda ɗaya, mai kaushi da ɓawo. A jikin farar fata ja ne, a namu kuwa yakan yi duhu ko launin toka. Yana fitowa a ƙwauri, ko bayan hannu, ko fuska, wani lokaci a al'aura, yana faɗaɗa sannu a hankali. Haƙiƙaninsa shi ne, ƙwayoyin saman fata sun ɗauki halin sankara, amma ba su nutsa cikin tsoka ba tukuna. Idan aka ƙyale shi, cikin kowane mutum 100 akan sami kimanin 3 zuwa 5 da nasu zai rikiɗe ya zama sankarar fata.

Babban sababinsa shi ne daɗewa a cikin rana, kuma ranar Khartum ba ta bukatar bayani. Mafi shiga hatsari su ne 'yan'uwanmu zabiya, saboda fatarsu ba ta da launin da yake kare ta. Wajibi ne iyaye su saba musu da malafa, da riga mai dogon hannu, da man kariya daga rana tun suna ƙanana. Sauran sabubban sun haɗa da ƙwayar cutar HPV, da gubar arsenik a ruwan sha, da raunin garkuwar jiki.

Kuskuren da ya yawaita a gidajenmu shi ne ɗaukar tabon a matsayin makero. Sai a yi ta shafa maganin makero, ko a sayo mayukan gyaran fata da ake aunawa kaɗan-kaɗan a kasuwannin Omdurman. Da yawansu akwai kortizon a ciki, wanda yake lafar da tabon a ido alhali cutar tana nan. Saboda haka, duk tabon da ya wuce wata guda ana magani bai warke ba, a kai shi ga likitan fata. In ya fara zubar da jini, ko ya yi ƙullutu, ko ya zama gyambo, to kada a kwana.

Likita yakan yanki ɗan ƙanƙanin yanki a duba shi a madubin likita domin a tabbatar. Bayan haka yakan zaɓi ɗaya daga cikin hanyoyin nan: daskarar da tabon da ruwan nitrojin mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifiri, ko kankare shi bayan allurar kashe zafi, ko yanke shi a ɗinke, ko shafa man fluorouracil ko imiquimod na wasu makonni. Man yakan sa wurin ya yi ja da zafi kafin ya warke, alamar yana aiki ke nan. Mafi yawan masu cutar suna warkewa sarai, sai dai a riƙa komawa ana dubawa, domin takan dawo.

Kada kunya ta hana uwa ko 'ya nuna tabon da yake a ɓoyayyen wuri. Malamai sun halatta buɗe wa likita gwargwadon larura, in an sami likita mace ya fi. Shafa man ba ya karya azumi, kuma wanda aka ɗaure masa bandeji ya yi shafa a kansa wajen alwala.

Mu tuna, yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 ya tsayar da aikin Asibitin Zarra na Khartum, wanda tun 1967 shi ne madogarar masu sankara a Sudan. Marasa lafiya suka bazu zuwa Wad Madani da Shandi da Marawi neman magani, wasu ba su kai ba. Tabon da ƙaramin ɗakin likita zai kawar yau, in ya nutsa sai babban asibiti, da doguwar tafiya, da kuɗin da iyali ba su da shi. Manzon Allah (SAW) ya umurce mu da neman magani, kuma yin hakan ba ya warware tawakkali.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya zaunar da Sudan lafiya. Wassalam.