Furen Tulif a Janairu: Wa Ke Biyan Kuɗin Gaggawa?

Rigimata ta wannan makon da masu noman fure a gidajen gilashi na ƙasar Holan ce.

Tulif daga albasa yake fitowa, kuma asalinsa duwatsun tsakiyar Asiya ne, shi ya sa ba ya fure sai ya sha sanyi. A gonakin Holan, Afrilu ne lokacinsa. Amma kasuwa ba ta san haƙuri ba. Sai a kulle albasar a ɗakin sanyi, digiri 5 zuwa 9, wata uku zuwa huɗu. Daga nan a jera ta a faranti, sau da yawa a kan ruwa zalla, a shigar da ita gidan gilashi mai ɗumi, ta ɗauka hunturu ya wuce. Mako uku zuwa huɗu fure ya fito, a yanke, a kai kasuwa irin ta Aalsmeer. Albasar ta gama aiki, sai juji.

Daga ina ɗumin ke zuwa alhali waje ƙanƙara ce? Shekaru da dama gidajen gilashin ƙasar sun dogara da iskar gas mai araha, bayan gano rijiyoyin Groningen a 1959. Haƙar gas ɗin ta jawo girgizar ƙasa, mafi girma a Huizinge a 2012. Dubban gidaje suka tsattsage, har aka rufe rijiyoyin a 2024.

Za a ce ba fure kaɗai ya sha gas ɗin ba, gidaje da masana'antu ma sun sha. Za a ce tulif bai kai wardi cin wuta ba, kuma sana'ar tana ciyar da iyalai. Duk na yarda. Amma mai ɗumama ɗakin 'ya'yansa yana da uzuri, mai noman tumatir ma haka. Mene ne uzurin ƙona makamashi don furen da zai yi kamar mako guda a kwalba ya bushe, alhali da an jira wata uku rana za ta yi aikin kyauta?

Ba ƙin fure nake ba, Allah ne ya ƙawata shi. Gaggawar nake ƙi, domin mai sayen furen da mutumin da bangonsa ya tsage ba su taɓa haɗuwa a kasuwa ba.

Mai ja, ga fili ga mai doki.