Wasan Kurket Na Zumunci A Tsibiran Teku

Hausawa sun ce zumunta a ƙafa ta ke. To, mutanen tsibiri tasu zumuntar a jirgin ruwa ta ke, gama ba su iya gai da maƙwabcinsu sai sun ƙetare teku. Saboda haka duk abin da zai sa mutum ya tura jirgi ya tafi garin wani da farin ciki, abu ne mai daraja. Cikin irin waɗannan abubuwa akwai wasan kurket da ƙungiyoyin ƙauyuka su kan yi tsakaninsu, ba wanda a ke biyansa ko anini. Ra'ayinmu shi ne, awon irin wannan wasa ɗaya ne tak: watau ko baƙin za su so komowa baɗi.

Turawan Ingila su suka yaɗa kurket cikin duniya, kusan duk inda tutarsu ta sauka sai ka ga an kafa sanduna uku a fili, mutum goma sha ɗaya na kara da goma sha ɗaya. Tsakanin Ingila da Faransa akwai tsibirai biyu maƙwabta, Jersey da Guernsey, waɗanda tun shekarun 1950 suka mai da karawarsu al'ada ta shekara shekara. Amma misalin da ya fi ba mu sha'awa yana can nesa, a tsibiran Trobriand na ƙasar Papuwa Niyu Gini, inda babban tsibirinsu a ke ce da shi Kiriwina.

A 1903 wani ɗan mishan ya kai musu wasan, da nufin ya zama maimakon yaƙe-yaƙen da ƙauyukansu suka saba yi. Mutanen suka karɓa, suka kuwa ɗinka shi daidai wuyansu. Ga yadda masu bincike suka same su suna yi a shekarun 1970. Ba a ƙayyade mutum goma sha ɗaya ba, duk namijin da ya zo daga ƙauye sai ya shiga, har gefe guda ya kai hamsin ko fi. Ƙwallon na itace ne, su kan jefa shi yadda kakanninsu ke jifa da mashi. Su kan shiga fili da fentin yaƙi da gashin tsuntsaye, in sun fid da mutum sai su taru su yi rawa da waƙar habaici ga abokan karawa. Bayan kakar doya a kan yi wasan, in an tashi kuma sai a yi buki, a raba doya da wani ɗan itace da su ke taunawa kamar yadda mu ke cin goro. Abin da ya fi ba baƙo mamaki shi ne, bisa al'adarsu masu masauki a kan bar wa rinjaye, domin ba kyau ka ci tuwon mutum ka kuma kunyata shi a gaban iyalinsa.

Mun san waɗansu za su ce wannan ai ba kurket ba ne, wasan yara ne. Za su ce in an riga an san mai ci, ina amfanin zufa? Maganarsu ba ta rasa ƙamshin gaskiya ba. Wasan da ba ƙoƙari a cikinsa ba ya koya wa saurayi jimiri, kuma ɗaya daga cikin kyawawan halayen kurket na Ingila shi ne in alƙalin wasa ya ɗaga yatsa, sai mutum ya ɗauki sandarsa ya fita ba gardama. Wannan ladabi ba abin yarwa ba ne.

Amma a duba da kyau, mutanen Trobriand ba su kashe gasa ba, wuri suka sake mata. Ana gasar wa ya fi iya jifa, wa ya fi rawa, waƙar wa ta fi yaji, wane mai gari ya fi cika wa baƙi hannu da doya. Kowa ya koma gida da abin alfahari, ba wanda ya koma da gaba. Mu ma mun san irin wannan hikima, gama Bakano da Bazazzagi su kan yi wa juna ba'a mai zafi, ba'ar nan kuwa ita ke ƙara musu danƙo.

Sa'an nan a gwada da inda kuɗi suka shiga. Tun 2008 da aka fara babbar gasar kurket ta ƙasar Indiya, a kan yi gwanjon 'yan wasa, wanda ya fi tayi ya ɗauka. Ba mu zargin mai neman abinci da gwanintarsa. Sai dai wanda aka saya bana a kan sayar da shi baɗi, ba ya gadon kabarin kakansa a garin da ya ke yi wa wasa. Masunci da malamin makaranta da mai kanti da suka hau jirgi ɗaya domin sunan tsibirinsu, su ne gobe za su taimaki juna in hadari ya kifar da jirgin wani.

Shawararmu ga irin waɗannan ƙungiyoyi uku ce. Kada su ɗauko gwanin haya daga waje domin su ci maƙwabci, gama kayan aro ba ya rufe katara. Su bar tsoho da yaro su taɓa sanda, ko da hakan zai rage musu ƙidaya. Kuma kada a tashi daga fili sai an ci abinci tare, wanda ya ci da wanda aka ci, a akushi ɗaya. In sun riƙe waɗannan, ko littafin ƙidaya ya faɗa teku ba su yi hasara ba. Allah ya bar zumunci.